Manhajar da Muhsin Bai Ƙarasa Ba

"Kin dai san yadda ake yi, Barista," in ji Alhaji Uba, shugaban ƙungiyarmu, yana gyara zaman hularsa a gilashin ƙofar zauren da muka kama a unguwar Sparkbrook ta Birmingham. "Ki faɗi alherinsa, ki yi addu'a, ki zauna. Ga baƙi daga jami'a, ga abinci yana hucewa. Maganar nan da kika yi mini a waya kuwa, ki bar ta. Ta cikin gida ce, ba ta taro ba."

Na ce, "Na ji, Alhaji."

"Kin ji, ko kin yarda?"

"Na ji."

Ya girgiza kai ya ce, "Lauyoyi!" Sannan ya riƙe mini ƙofa na shiga.

Ranar cikar kwana arba'in ke nan da rasuwar Dakta Muhsin Rabi'u. Tun daga ranar mutane ke neman in tura musu jawabin, wasu don su ajiye, wasu don su tabbatar kunnensu bai yi musu ƙarya ba. Ga shi nan yadda na faɗe shi.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Limaminmu, Malam Muhammad Awwal, Allah Ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta wannan gari, Alhaji Uba, ranka ya daɗe. Shugabar sashen shari'a na jami'ar da marigayi ya yi wa aiki, wadda ɗalibarsa Goodnews take zaune kusa da ita tana fassara mata, barka da zuwa. Hajiya, mahaifiyar marigayi, da aka ce mini an kunna miki waya a Kano, Allah Ya ƙara miki haƙuri. Yaya Bara'u, yayan marigayi kuma uban marayunsa a yau. Murja, matarsa, da ke takaba a gida a unguwar Perry Barr tana sauraronmu ta wayar ƙanwarta. 'Ya'yansa, Zaid da Shifa. Ɗalibansa, abokan aikinsa, iyayena da yayyena da ƙannena da suka taso daga Manchester da sauran garuruwa, assalamu alaikum.

Sunana Ramlat, ga wanda bai san ni ba. Lauya ce ni a Manchester, shekara goma sha biyar ina aikin takardun zaman ƙasa. Aji ɗaya muka yi da Muhsin a Zariya, inda ya riƙa zuwa na ɗaya ni kuma ina zuwa ta biyu, abin da ban taɓa yafe masa ba. An zaɓe ni in yi magana da yawunmu duka, ina jin saboda an san ba na kuka a gaban mutane.

Ya kasance mutum mai ɗaga waya. Kada ku raina wannan. A garin nan akwai likitoci da injiniyoyi da akantoci daga cikinmu, masha Allah, kuma kowa ya san lambar wa ake kira idan wasiƙa ta zo daga hukumar shige da fice. Ba lambata ba ce, ni sai an bi ta sakatariya. Tasa ce. Yana tsakiyar cin abinci zai ɗaga, yana cikin bas zai ɗaga, ya ce, "Karanto mini daga sama, har da kwanan wata."

Ya kasance mai haƙuri da tambayar da aka riga aka yi masa sau goma. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a bakin masallaci mutum yana neman takalminsa, sai a ja shi gefe a ce, "Dakta, wata 'yar tambaya ce, ba tawa ba ce, ta wani abokina ce." Bai taɓa nuna ya gane cewa abokin nan shi ne mai tambayar ba. Da yawa daga cikin abokan nan ina ganinsu a zaune yanzu.

Ya kasance malami. Ya yi digirinsa na uku a Manchester da tallafin karatu, ya koma gida ya yi shekarun da ya yi alkawarin yi, lokacin da wasu suka manta hanyar filin jirgi. Sannan jami'a a nan Birmingham ta ɗauke shi aiki, ya dawo da iyalinsa. Duk ranar Laraba da yamma yakan buɗe wani ƙaramin ɗaki a ƙasan ginin sashen, inda masu matsalar takardu ke zuwa a duba musu kyauta, ɗalibai na zaune suna koyo. Jami'a tana kiran wurin kilinik. Hotonsa yana cikin duk wata takardar talla da suke bugawa. Na'urar ɗumama ɗakin kuwa ba ta taɓa aiki ba.

Bara aka ce masa an amince wannan aiki ya zama kwas sosai, mai maki, na mako goma sha biyu, sai ya kawo manhaja. Ya kira ni ya ce, "Ramlat, ni ina da littattafai, ke kina da tabon aiki. Zo mu haɗa." Wata bakwai muka yi muna wannan manhaja. Wata Asabar ya hawo jirgin ƙasa zuwa Manchester, wata Asabar ni in zo, mu zauna a wani shagon shayi a kan Stratford Road. Yana da katuna goma sha biyu, kowane mako da katinsa. Sai ya shimfiɗa su a tebur tsakanin kofuna, ya ɗauke wannan ya mayar can, kamar mai buga dara.

Ni na fara kawo tsari, kuma tsari ne mai kyau. Mako na ɗaya tarihin dokokin, na biyu ire-iren biza, na uku hukunce-hukuncen manyan kotuna. Ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Wannan ai laburare kika kwaso. Suna da laburare."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, me za a koya musu a makon farko?"

Ya ce, "Buɗe ambulan."

Na yi dariya, bai yi ba. Ya ce ranar farko zai ba kowane ɗalibi ambulan a liƙe. Ya buɗe, ya nemo ranar da aka rubuta wasiƙar, ya nemo kwana nawa aka bayar, ya ƙirga a kalanda da yatsa, ya rubuta ranar ƙarshe da jan biro a bayan fayil. Aikin makon ke nan gaba ɗaya. Ya ce rabin mutanen da ke zuwa wurinsa da leda suke zuwa, cike da wasiƙun da ba a buɗe ba, don a zuciyarsu abin da ba a karanta ba bai faru ba tukuna. Ya ce, "Doka ba ta cika kayar da mutanenmu ba, Ramlat. Kwanan wata ke kayar da su."

Mako na biyu ya ba wa sunaye. Mutum ɗaya, Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar aure, kuma an haife shi ranar ɗaya ga Janairu kamar rabin garinsu. Ɗalibin da ya girma a nan zai ga wannan ya ce ƙarya ce. Muhsin yana so ya koyi rubuta bayani mai sanyi cewa ba ƙarya ba ce, haka muke. Mako na uku na tafinta ne: yadda za ka gane mai fassara ya taƙaita maganar minti biyu zuwa kalma uku saboda ya ji nauyin abin da aka faɗa.

Mako na huɗu shi ne abin alfaharinsa. A katin tambaya ɗaya ya rubuta: wa ke da matsalar? Ya ba ni labarin wata mai aikin kula da tsofaffi da ta zo sau uku tare da kawunta. Duk tambayar da aka yi mata, kawu ke amsawa. Shekarunki nawa, kawu ya faɗa. Yaushe kika bar wancan aikin, kawu ya faɗa. A zuwa na uku Muhsin ya leƙa taga ya ce, "Kawu, ina ka ajiye mota? Na ga masu manna takardar tara suna zagayawa." Kawu ya fita da gudu. A cikin minti shida matar ta faɗi abin da ya ceci zamanta. Na ce masa wannan ƙarya ce ka yi wa dattijo. Ya ce, "A nan unguwar Aston kullum suna zagayawa." Ƙa'idar da ya rubuta a ƙasan katin ita ce: takardar mutum a hannunsa ake sa ta, kuma da bakinsa zai amsa, ko da duk danginsa na ƙaunarsa.

Mun yi faɗa a kan mako na bakwai har mai shagon ya zo ya tambaya ko lafiya. Ni ina son a koyar da ɗaukaka ƙara, shi yana son a koya wa yara yadda ake gaya wa mutum cewa babu hanya, ba tare da an ɓuya a bayan Turanci ba. Shi ya ci. Kusan kullum shi ke ci, don ni ina da jirgin da zan kama.

Kwamitin jami'a ya dawo masa da manhajar sau biyu. Akwai wani gurbi a fom ɗinsu da ke tambayar abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama kwas. Muhsin ya rubuta: zai kira mutum idan ya ce zai kira shi. Kwamiti ya ce wannan ba ya aunuwa. Yana kan gyara na uku, katin mako na goma sha biyu babu komai a kansa tukuna, ya faɗi a tashar bas a Aston da safiyar wata Talata. Shekararsa arba'in da huɗu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An rubuto mini cewa an ɗage kwas ɗin har sai an sake dubawa. Na daɗe ina karanta wasiƙun ofis, na san abin da wannan yake nufi. Goodnews, ki fassara wa shugabar sashe wannan daidai yadda na faɗa, kin dai ji abin da mako na uku ya ce. Muna godiya da furannin da aka aiko.

Jama'a, an ce in tsaya a nan in yi addu'a. Ku yi haƙuri da ni kaɗan.

Kwana shida da suka wuce na je Perry Barr in sake yin gaisuwa, in kuma karɓi katunan nan, ko zan iya ƙarasa abin da muka fara. Yaya Bara'u ya miƙo mini wata leda daga bayan ƙofa ya ce duk takardun Dakta suna ciki. Katunan suna ciki. A ƙarƙashinsu akwai wasiƙu goma sha huɗu, ba a buɗe ko ɗaya ba. Na wuta, na ruwa, na hukumar gari, na makarantar yara. Ɗaya daga ciki na gane ambulan ɗinta tun kafin in juya ta. Ba sunan Muhsin ne a kai ba. Sunan Murja ne.

Ban buɗe ba, ba tawa ba ce. Na shiga ɗaki na sa mata a hannu. Ta buɗe, ta duba, ta ce, "Yaya Ramlat, karanta mini, idona ba ya tsayawa a kan rubutu." Abin da zan faɗa yanzu da izininta zan faɗa. Jiya na sake tambayarta, ta ce, "Ki faɗa, ni ba ni da bakin faɗa."

Zaman Murja da yaran a ƙasar nan yana rataye ne da bizar aikin Muhsin. Da ya rasu, jami'a ta sanar da hukumar shige da fice, kamar yadda ya wajaba a kanta. Hukuma ta rubuto wa Murja cewa an ba ta kwana sittin, ko ta shigar da sabuwar buƙata ko ta kwashi yaranta ta tafi. An rubuta wasiƙar kwana tara bayan rasuwa. Yau kwana arba'in. Akwai akantoci a cikinmu, amma zan taya su: saura kwana ashirin da tara. Takabarta kuwa saura kwana casa'in.

Saura mako bakwai Muhsin ya cika shekara biyar ɗin da zai nemi zaman dindindin, shi da su. Mako bakwai. Wannan na Allah ne, ba mu da ta cewa. Kwana ashirin da biyar ɗin da wasiƙar nan ta yi a leda kuwa, wannan namu ne.

Me ya sa ta kwana a leda? Saboda an ce mai takaba ba a ɗaga mata hankali da takardu. Yaya Bara'u ya riƙa tsince wasiƙu daga ƙofa kowace safiya yana ɓoyewa, don kada ta ga sunan mijinta a rubuce ta fashe da kuka. Ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita, aikina ke nan. Tausayi ne, irin namu.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Fasfon Murja, da na yara, da takardar aure, da takardun haihuwa, da duk shaidar shekarun da suka yi a nan, suna cikin jakar hannun Muhsin, baƙar nan da kuka saba ganinsa da ita. Ranar sadakar uku aka kulle ta aka ɗora a kan kwabar ɗakin Murja, aka ce kayan mamaci ba a taɓa su sai an zo rabon gado. Tana kwana tana tashi tana kallon jakar. Na ce mata wuƙar kicin za ta buɗe wannan kwaɗon. Ta ce ba za ta fasa jakar mijinta a bayan idon yayansa ba. Kun yi mata tarbiyya mai kyau, iyayenta. Tarbiyyar ce za ta raka ta filin jirgi.

Na kira Yaya Bara'u, ya ce a bari ta fita takaba. Na kira shugaba, ya ce za a kafa kwamiti bayan arba'in. Sai na yi abin da babu wanda ya yi a cikin kwana arba'in, na tambayi Malam. Ga shi nan zaune, in na ƙara masa gishiri ya gyara ni. Na ce, Allah Ya gafarta Malam, mai takaba za ta iya fita da rana ta sa hannu a takarda, a ɗauki hoton yatsunta, idan zamanta da na 'ya'yanta ya dogara da hakan? Ya ce, "Lalura ce, ta fita ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wa ya ce ba za ta iya ba?" Na ce fasfonta fa, gado ne? Malam ya dube ni kamar na zautu. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Ashe ba addini ba ne. Mu ne.

Na ce mu, kuma ban cire kaina ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A zauren nan babu wanda bai haddace ranar ƙarewar bizarsa ba kamar Fatiha. Kowa ya san a kan wace takarda iyalin Muhsin suke zaune, don kowa ya tambaye shi tasa. Kwana arba'in muna kai abinci gidan nan. An yi jadawali a waya, wa zai kai tuwo ranar Litinin, wa zai kai dambu ranar Alhamis, har firjin ya ƙi rufuwa. Babu wanda ya ce, Murja, takardunku fa? Ni da nake lauya na zo ranar uku da kular farfesu, na zauna a tabarma, tambayar tana bakina. Na san dokar nan kamar sunana. Na dubi ɗakin cike da manya, na ce a raina za a ce Ramlat ba ta da kunya, ana kuka tana zancen biza. Na haɗiye. Na koma Manchester da kunyata cikakkiya, babu abin da ya taɓa ta.

Shi ma gogan ba zan ƙyale shi ba, don bai taɓa ƙyale ni ba. Ya kasance mijin da ke ɗauke wa matarsa kowane nauyi. Shi ke cike fom, shi ke ajiye fasfo, shi ya san lambar sirrin komai. In ta tambaya ya ce, "Kada ki damu, ina kai." Mutumin da ya rubuta mako na huɗu ke nan. Ya koya wa ɗalibai sama da ɗari su sa wa mace takardarta a hannu, ya dawo gida ya sa ta matarsa a jakarsa, don yana sonta. Wanzami ba ya son jarfa. Muhsin, da kana nan da mun yi wannan faɗan a shagon shayi, kuma wannan karon da ni zan ci.

Murja, ina magana da ke. Ba zan yi miki alkawarin nasara ba, mijinki ya hana a yi wa mutane irin wannan alkawari. Akwai hanyar roƙo, ƙunci gare ta, kuma tana buƙatar takardu da yawa: daga makarantar yara, daga likitanku, daga mutanen da suka san ku. Kwana ashirin da tara za su isa idan aka fara yau. Ko ki zauna ko ki koma gida, ke za ki zaɓa, bayan an karanta miki komai kin fahimta. Idan kin ce Kano kike so, ni zan ɗauki akwatinki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne leda ta zaɓar miki.

Hajiya, ki gafarce ni, na yi magana mai zafi a ranar addu'ar ɗanki. Kin haifi mutumin kirki. Jikokinki nake yi wa.

Zaid, Shifa, na san Hausarku ba ta kama rabin abin da na faɗa ba, kuma yau kaɗai na gode wa Allah da hakan. Abin da nake so ku riƙe shi ne babanku ya taimaki mutane da yawa, kuma ga su nan kewaye da ku. Nan da 'yan kwanaki za mu san nawa ne daga cikinsu suka tuna.

Ku kuma jama'a, masu tambayar abokai, ba abinci nake nema ba. Wasiƙa nake nema daga duk wanda ya san iyalin nan, da cikakken sunansa da adireshinsa da sa hannunsa, kafin Juma'a. Na san wasu za su ce ba sa son sunansu ya shiga fayil ɗin hukuma. Muhsin ya sa nasa a fayilolinku.

Yaya Bara'u. Kai ka wanke shi, kai ka sa shi a kabari, ka bar aikinka da iyalinka a Manchester kana kwana a kujerar falo don kada gidan ya zama babu namiji. Babu wanda ya yi abin da ka yi. Na kira ka a waya sau huɗu don kada mu kai ga wannan wuri. Ina roƙonka a gaban Malam, a gaban Hajiya da ke jinmu, don Allah, don darajar marayun nan: makullin jakar.

Ina godiya ga ƙungiya da ta shirya wannan taro, da matan da suka yi girki tun asuba, da ɗaliban da suka jera kujeru, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake ina jin ita ce ta ƙarshe.

Allah Ka jiƙan bawanKa Muhsin ɗan Rabi'u. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa duk kiran da ya amsa ya zame masa haske ranar da za a kira kowa. Ka yafe masa kurakuransa, har da wanda ya yi don ƙauna. Ka raya Zaid da Shifa, Ka tsare su daga wulaƙanci a nan da can. Ka ba Murja ƙarfin zuciya, Ka ba Hajiya da Yaya Bara'u haƙuri mai kyau. Mu kuma da muka rage, Ka raba mu da kunyar da ke cutar da marayu, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

A nan jawabin ya ƙare. Malam ne ya fara cewa amin, shi kaɗai, sannan sauran suka bi, a rarrabe. Alhaji Uba ya karɓi makirfon ya ce a fara zuba abinci. Na ɗauki jakata na fita ta gefe.

Ina sa rigar sanyi a baranda na ji takun mutum. Yaya Bara'u ne. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Kin tozarta ni a gaban mahaifiyata, Ramlat."

Na ce, "Na yi, Yaya."

"Ƙanina ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na sani."

Ya zaro tarin makullansa. Ƙaramin yana tsakanin na mota da na gida, zoben kuma ya yi tauri. Ya sa farce, ya kuɓuce, ya sake sawa. Ban ce in taya shi ba. Da ya fito, bai miƙo mini ba, ya ajiye shi a bakin taga.

Ya ce, "Ni zan kai ta wurin ɗaukar hoton yatsun. Ba ke ba."

Na ce, "Talata, ƙarfe goma. Kai za ka jira a mota."

Ya juya ya koma ciki. Na ɗauki makullin, na tura ƙofar waje. Ƙarar cokula da faranti ta biyo ni har kan titi, sannan ƙofar ta rufe a bayana. Na nufi inda na ajiye mota, ina neman hanyar Perry Barr a waya.